Lambar Baba Usur

Duk wanda ya yi firamare a makarantar nan mai koren ƙyaure ya san Baba Usur, amma in ka tambaye shi ainihin sunan mutumin sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Mai gadi ne. Aikin da aka ɗauke shi ke nan, sai dai ya fi shekara talatin yana haɗawa da wanda ba a sa shi ba: ɗaure wa 'yan aji ɗaya igiyar takalmi, raba faɗa, rarrashin wanda aka manta ba a zo ɗauka ba. Yana da 'yar rumfar kwano a gefen ƙyauren, da benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda ya tokare da bulo. A ƙarƙashin bencin akwai kwalin da yake tara abin da yara suka yar, murfin gorar ruwa, rigar sanyi, takalmi wari ɗaya. Ya kan ce tun da ya ga yaro na iya komawa gida da takalmi wari ɗaya bai sani ba, ya daina mamakin komai a duniya.

Usur ɗin na ƙarfe ne, a rataye a wuyansa da baƙar igiya, har ya yi wa rigunansa shaida a ƙirji. In ya yi busa ɗaya doguwa, a shiga aji ke nan. In ya yi biyu gajeru, to wani ya hau katanga, ya sauko tun da arziki. Yara kuwa ba abin da suke kwaɗayi a makarantar nan kamar su sa wannan usur a baki. Sun roƙa, sun yi alkawarin share masa rumfa har ƙarshen zango, bai taɓa yarda ba. Hedimasta ma da ya nemi aro ranar wasanni, Baba cewa ya yi ya nuna masa inda ake son busar, shi zai zo ya yi.

Rana ɗaya ce usur ke barin wuyansa, ranar da masu allurar rigakafi suka zo. Da farar motarsu ta kunno kai, aka fara sauke akwatunan sanyi, ƙaurin sifirit ya gauraye farfajiya, sai makaranta ta hargitse. Wasu su cika bayi, wasu su laɓe bayan tankin ruwa, mai wayo ya kwanta ya ce cikinsa. Malamai su yi tsawa, su ɗaga bulala, a banza. Shi kuwa Baba sai ya tura ƙyaure ya sa sakata, ya jawo kujera kusa da teburin masu allura, ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. A nan akwai wani tabo zagayayye mai sheƙi, bai kai girman maɓalli ba. Shi ne lamba, shaidar rigakafin da ake yi wa yara a zamaninsu.

"Ka ga tawa?" haka yake ce wa duk wanda aka jawo masa yana tirjiya. "Ina ƙarami kamarka aka yi mini, ko uhum ban ce ba. Ba zafi. Ungo, busa. Kafin ka gama busawa an gama."

Sai ya goge usur da audugar da ma'aikatan suka tsoma masa a sifirit, ya sa wa yaron a baki, ya rungume kansa a ƙirji, ya juyar masa da fuska wajen ƙyaure, shi ma ya juyar da tasa. Yaro ya cika kumatu ya busa iya ƙarfinsa, kafin numfashinsa ya ƙare an zare allura. Na bayansa, da ya ji ƙarar, sai ya matso da kansa. Kafin a jima 'yan bayan tanki sun fito sun bi layi, mai ciwon ciki ya warke. Ma'aikatan kan ce makarantar nan ce kaɗai suke gama aiki ba tare da an yaga musu riga ba, kuma Baba ba ya gajiya da maimaita wannan maganar.

Shekaru suka ja. Aka sa ƙararrawar lantarki a makarantar, aka yi wa Baba sallama ta ritaya da jawabi da tafi, ya koma gida da usur ɗinsa da kwalin takalman da ba wanda ya zo nema. Ba a daɗe ba matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, sai Auta, wadda ke ɗinki a wani shago a bakin titi, ta ɗauke shi ya dawo wajenta. Ta ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon hanya. Ya kafa ƙusa a bango ya rataye usur, ya sa kujera a bakin taga. Da safe in 'yan makaranta suna wucewa sai ya riƙa lissafa waɗanda za su makara, yana tsaki shi kaɗai. Yana kewar ƙarar ƙyauren nan da bai taɓa samun mai ya ishe shi ba, yana kewar hayaniyar lokacin tashi, har ƙurar da yara ke tayarwa in sun fito a guje yana kewarta.

Ciwon a hankali ya zo. Da fari gajiya ce, ya ce tsufa ne. Sai ƙafafu suka fara kumbura, ya ce zama ne ya yi yawa. Ranar da Auta ta kalle shi a hasken taga ta ga idonsa ya sauya launi, ba ta tambaye shi ba, ta rufe shago ta kai shi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce hanta ce, ta daɗe tana lalacewa a ɓoye, kitse da ciwon suga ne suka taru suka ci ƙarfinta. Ba za ta koma sabuwa ba, amma in an lallaɓa ta za ta yi ta tafiya. Aka rage masa gishiri, aka hana shi duk wani magani da ba likita ce ta rubuta ba. Ya karɓi wannan duka da 'yar ƙorafi. Abu ɗaya ne ya ba Auta mamaki: duk ranar da za a ɗebi jininsa, da an ɗaure masa dantse an goga auduga, sai kansa ya ɗauke, ya sulale a kujera, sai an gama ya farfaɗo. Ya ce ƙaurin sifirit ɗin yanzu ne ba irin na da ba, ya cika ƙarfi.

Wata rana likitar, mace mai tabarau da magana a tsanake, ta ce akwai sauran abu ɗaya. Gwajin jininsa ya nuna ba shi da cututtukan nan biyu masu kama hanta, wadda ake ɗauka a ruwa ko abinci da wadda ake ɗauka ta jini, amma kuma jikinsa ba shi da kariya daga ko ɗaya. Mai lafiyayyar hanta zai iya kwanciya ya tashi, in ji ta, amma tasa ba ta da sauran ƙarfin da za ta ɗauki wani duka. Haka mura mai tsanani, haka ciwon huhu, kowanne na iya kayar da shi ya ja hantar su tafi tare. Don haka tana so a yi masa alluran rigakafi, ba guda ɗaya ba, kuma zai riƙa dawowa cikin 'yan watanni har a kammala.

Baba ya yi murmushin wanda aka kawo wa magana a fagensa. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya juya mata dantse. Likitar ta duba tabon, ta ɗan daɗe tana dubawa, sannan ta ce ko ma mene ne aka yi wannan dominsa, ba ya tsare abin da take magana a kai.

"Likita," in ji shi, "ni na san rigakafi tun ba a haife ki ba. Sunansa ma ya faɗi aikinsa. A riga ciwo, a kafe. To ni ciwon ya riga ya shigo, ya shimfiɗa tabarma. Me kuma za a riga? Wannan na yara ne, su da komai nasu sabo."

Ta yi masa bayani karo na biyu, ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya yi godiya, ya sauke hannun rigarsa. A hanya Auta ta ce ita dai abin da ta fahimta, ba don ɓarawo ɗaya ya shiga gida ake barin ƙyaure a buɗe wa sauran ba. Baba ya tsaya cak a gefen titi ya tambaye ta ko yau ita ce za ta koya masa gadi. 

Makonni suka wuce a haka. Sanyi ya fara shigowa, tari ya zagaye layin, mai shagon da ke kusa da na Auta ya kwanta asibiti da ciwon huhu, shi da yake ƙaƙƙarfan mutum. Tsoro ya kama Auta sosai. In Baba ya yi gyaran murya a ɗaki sai ta tsayar da abin da take yi ta kasa kunne. Ta rasa uwa, ba ta shirya rasa uba a kan taurin kai ba. Ta gwada lallashi, ta gwada fushi, ta sa yayyenta suka kira shi a waya, kowa ya sha labarin lamba da yadda ba a ce uhum ba. Da ta ga ba ci, sai ta aika wa Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiransa Ƙarami. Ta zo da sandarta da jakarta, ta zauna a bakin gadonsa, ta ƙare masa kallo, ta ce ya rame kamar tsintsiya amma bakin yana nan. Suka gaisa, suka yi ta'aziyyar mutanen da suka rasu tun rabuwarsu, suka yi gardama a kan ko itacen da ke ƙofar gidansu na da yana dama ne ko hagu. Can Auta ta kawo shayi, ta sako zancen allura kamar ba da gangan ba. Baba bai ɓata lokaci ba, ya kai hannu ya fara naɗe riga.

Gwaggo ta kalli tabon. Ta ajiye kofi a hankali don kada ya zube, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ƙarami, wai da gaske kake? Wannan ai aikina ne."

Ta share hawaye da gefen mayafi ta ba su labarin. Ranar da masu lamba suka zo unguwarsu, mahaifinsu ya tura su su biyu, ya ce in ya dawo zai duba hannun kowa, wanda bai ga shaida ba shi da kansa zai ɗauke shi ya kai washegari. Ƙarami bai fi shekara biyar ba, ita ta ɗan girme shi. Sun bi layi yana riƙe da zanenta, ya ga teburi, ya ga 'yar fitilar da ake gasa kayan aiki, ya ji ƙaurin sifirit. Saura mutum biyu a zo kansa ya saki zanen, sai ƙura. Ita aka yi mata, ta koma gida ta same shi ya ɓuya a ƙarƙashin gado. Shi ne ya roƙe ta, yana kuka da majina, ta yi masa shaida ko ta wane hali don kada a mayar da shi. Ita kuma da hankalin yarinta sai ta samo ƙatuwar ƙusa, ta sa kan ƙusar a garwashi har ya yi ja, ta ɗora masa a dantse.

"Ka ce ba ka ce uhum ba? Ihun da ka yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Wurin ya tashi ya yi ruwa kamar na kowa, mahaifinmu ya duba ya ce madalla. Ni na ɗauka ka sani, kana dai yi wa yara dabara ne."

Auta ta toshe baki da hannu, ta rasa dariya za ta yi ko me. Baba bai yi dariya ba. Ya ce ƙarya ne, shi yana tuna layin, yana tuna fitilar, yana tuna zafin. Gwaggo ta ce duk ya tuna daidai, tsakiyar ce kawai ya zubar. Ta ƙara da cewa ta taɓa zuwa makarantarsu ranar allura ta tsaya a bakin ƙyaure, ta ga yadda yake juyar da fuskar yaro, shi ma ya juyar da tasa, ya runtse ido ya fi yaron runtsewa. A ranar ta ce a ranta, Ƙarami yana nan yadda na san shi.

Ya sauke hannun rigar a hankali, ya juya wajen taga. Kwana biyu ba ya cewa komai sai amsa gaisuwa. Ba kunyar Auta ce ta dame shi ba, ba kuma ta likita ba, duk da yanzu ya gane dalilin da ya sa ta daɗe tana kallon tabon. Yaran ne. Yana zaune sai su riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, mai giɓi, mai yawan tambaya, 'yar nan da ta cije shi a hannu, tagwayen da suka ce sai dai su busa tare. Kowannensu ya kalli wannan tabo ya yarda da shi. Ya ce musu ba zafi, ya ce shi ya ɗanɗana, alhali bai taɓa tsayawa ido biyu allura ta shige shi ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Abin da ya fi alfahari da shi a shekaru talatin na aiki, ashe a kan ƙusar yayarsa ya gina shi. Wannan ya yi masa ciwo fiye da hantar.

Rana ta uku da safe, 'yan makaranta na wucewa, ya kira Auta ya ce ta sauko masa da usur daga bango, ta kuma duba ko yau masu allura suna aiki. Ba ta tambaye shi dalili ba, ta san in ta tambaya zai iya fasawa. Gwaggo ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba.

Asibitin unguwa ne, kuma ɗakin rigakafin ɗaya ne ga babba da yaro. Baba ya zauna a dogon benci tsakanin iyaye da jarirai, shi kaɗai mai furfura, yana jin kamar kowa shi yake kallo. Bango cike da hotunan yara masu murmushi, can ciki kuwa kuka ake ta yi. Ƙaurin sifirit ya daki hancinsa. Da aka kira shi ya miƙe, ƙafafunsa suka so su yi wajen ƙofar fita, Gwaggo ta tare hanya da sanda ba tare da ta dube shi ba.

Ma'aikaciyar ta karanta abin da likita ta rubuta, ta ce ya zauna ya naɗe hannu. Ya naɗe na hagu, tabon ya fito. Ta goga auduga a kusa da shi, duhu ya fara taruwa a gefen idonsa kamar yadda ya saba. Sai ya ji Gwaggo ta jingine sanda ta rungumo kansa a jikinta, ta juyar masa da fuska wajen ƙofa.

"Wancan karon ƙusa na riƙe," in ji ta. "Yau bari in riƙe kai."

Auta ta karɓi auduga ta goge usur ɗin kamar yadda ta ga yana yi tun tana aji ɗaya, ta sa masa a baki. Ɗacin sifirit ya taɓa harshensa. Ta ce, "Busa, Baba. Kafin ka gama busawa an gama."

Ya ja numfashin da ya rage masa ya busa, ɗaya doguwa. Ya ji shigar allurar sarai, ya ji ta tsaya, ya ji ta fita, bai suma ba. Ƙarar ta cika ɗakin ta fita baranda, jarirai suka yi tsit. A waje mutum uku ko huɗu, manya da 'ya'yansu a hannu, suka miƙe tsaye daga benci ba su san sun miƙe ba. Ɗaya daga cikinsu, wani mai gemu da jaririya a kafaɗa, ya leƙo ta ƙofa, ya tsaya baki buɗe.

"Baba Usur? Kai ne?"

Baba bai gane fuskar ba, gemu ya ɓoye ta, amma ya san daga inda ta fito. Ya cire usur daga bakinsa, ya dubi mutumin da idanun da suka cika da ƙwalla.

"Ɗana, ashe da zafi. Na ce muku ba zafi."

Mutumin ya gyara wa 'yarsa kwanciya a kafaɗa, ya yi dariya a hankali.

"Ai mun sani, Baba. Tun daga kan na farko muke gaya wa juna da zafi. Usur ɗin muke so, da kuma ka riƙe mu."

 Ma'aikaciyar ta manna masa auduga a ɗan nesa da tsohon tabon, ta ce saura ta ɗaya hannun, sauran kuma sai wata mai zuwa, kada ya manta. Baba ya share fuska da bayan hannu, ya zura igiyar a wuyansa, usur ya sauka a daidai inda ya saba zama. Sannan ya fara naɗe hannun dama, ya ce wa mai gemun kada ya yi nisa, in an zo kan jaririyar ya miƙo ta, shi zai riƙe.